Zauren Turanci: Wa ya faɗi, wa ya yar, wa ya saki?

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso ni a wannan wata kamar masu su sun haɗa baki, kusan duk a kan faɗuwa da saki suke. Na tsamo shida daga ciki. Ina amsa su ne daga zaurena a Tudun Wada, Zariya, ruwan Agusta na ta zuba tun asuba. Kamar yadda muka saba, ban sa sunan kowa ba.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, bana zan shiga ajin ƙarshe na sakandare. A jarrabawar ƙarshen zango na rubuta “My brother fell the plate and it broke.” Malamarmu ta zagaye “fell” da jan biro, ta rubuta “dropped” a samansa. To ai “fall” shi ne faɗuwa, farantin kuma faɗuwa ya yi. Ina laifina? Daga Ƙofar Doka.

Amsa: 'Yata, ajiye Turancin tukuna, mu koma Hausa. Kin taɓa cewa “ƙanena ya faɗi faranti”? In kika ce haka, wanda ya ji zai zaci yaron furta kalmar faranti ya yi. Abin da kike cewa shi ne “faranti ya faɗi”, ko “ƙanena ya yar da faranti”. Ashe tun kina ƙarama kin san wannan bambanci. Abin da ba a nuna miki ba shi ne Turanci ma yana da shi.

“Fall” aikatau ne ƙi-karɓau, in ji malaman nahawu. Na abin da ya faɗi ne shi kansa, ba a jingina masa wani abu a gaba. “Drop” kuwa yana karɓa. Saboda haka duk lokacin da kika ɗauki biro, ki tambayi kanki: akwai hannun wani a cikin wannan faɗuwa? In babu, “The plate fell.” In akwai, “My brother dropped the plate.” Shekara talatin da 'yan kai da na yi a aji, da dasta nake koyar da wannan darasi. Sai in ɗaga ta sama in buɗe hannu, sannan in ce yara su gaya mini abin da ni na yi, da abin da dasta ta yi. “You dropped the duster.” “The duster fell.” Abu ɗaya ne ya faru a gaban idonsu, amma jimla biyu ce, kuma yaron da ya gani da idonsa ba kasafai yake mantawa ba.

Ki lura, “drop” bai ce da gangan aka yi ba, bai kuma ce tsautsayi ba ne. In kina son wanke ƙanenki, sai ki ce “The plate slipped out of his hand”, wato farantin suɓuce masa ya yi. In kuma mutum aka kayar, ba a amfani da “drop”. A filin makaranta na sha jin yaro ya kawo ƙara yana kuka, “Sir, he fell me down.” Daidai shi ne “He pushed me down” in ture shi aka yi, ko “He knocked me down” in bangaje shi aka yi. Mota ma haka take yi, “A car knocked him down.”

Akwai tarko biyu a kusa da wannan kalma, kuma WAEC da NECO na son su. Na farko, “fall” yana juyawa ne “fall, fell, fallen”, amma akwai wani aikatau daban mai suna “fell”, ma'anarsa sare bishiya har ta kai ƙasa, shi kuma “fell, felled, felled” yake tafiya. In aka sare ɗaya daga cikin tsofaffin rimayen nan na cikin birni, “They felled the tree.” In iskar farkon damina ce ta tumɓuke shi, “The tree fell.” Tarko na biyu shi ne “felt”, wanda ɗan gidan “feel” ne, ba shi da dangantaka da faɗuwa ko kaɗan. Na duba takardun jarrabawa da aka rubuta “I felt down from my bicycle” ba adadi. Bature in ya ji “I felt down”, abin da zai fahimta shi ne ranki ne ba daɗi, ba zai duba gwiwarki ya ga ko kin kurje ba.

Ki kuma kula da bakinki. Mu Hausawa da leɓɓa biyu muke furta f, shi ya sa “fall” ke fita kamar sunan nan “Paul”, “full” kuma kamar “pull”. Ki ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ki hura iska. Minti biyu a gaban madubi kullum, mako ɗaya ya ishe ki.

Tambaya: Malam, aikin jinya nake yi. Idan aka kawo wanda ya faɗi, mu ne ke rubuta yadda abin ya faru kafin likita ya zo, kuma ni “fell down” kawai nake rubuta wa kowa. Mene ne bambancin “slip”, “trip”, “stumble” da “collapse”? Daga Wusasa.

Amsa: Malama, tambayarki ta fi ta jarrabawa nauyi, domin abin da kika rubuta shi likita zai fara bi. Ki tambayi mara lafiya ko masu jinyarsa da Hausa tukuna, amsarsu ce za ta zaɓar miki kalma. In suka ce santsi ne ya ɗebe ta a bayan gida, “She slipped on the wet floor.” In tuntuɓe ya yi, ƙafarsa ta ci karo da dutse ko ta sarƙe da igiya, “He tripped over a stone.” “Stumble” ma tuntuɓe ne, amma irin wanda mutum zai yi tangal-tangal, wataƙila ya kai ƙasa, wataƙila ya tsaya da ƙafarsa. In kuwa suka ce yana tsaye lafiya lau sai ya yanke jiki ya faɗi, wannan “He collapsed” ne. In har ya fita hayyacinsa na ɗan lokaci ya dawo, “He fainted”, wato ya suma.

Santsi da tuntuɓe daga waje suke zuwa. Yanke jiki daga ciki yake. Likitan da ya karanta “collapsed” zai koma kan hawan jini, da sukari, da zuciya. Wanda ya karanta “tripped” zai fi mayar da hankali kan ƙashi da rauni. In kika rubuta “fell down” wa dattijon da ya yanke jiki a sahun sallah, kin ɓoye rabin labarin.

Sai 'yan ƙananan kalmomin da ke biyo baya. Hausa a wutsiyar aikatau take sa wannan bayani: ya faɗi, ya faɗo, ya faɗa. Da kin ji “ya faɗo” kin san daga sama ne, da kin ji “ya faɗa” kina jiran a ce rijiya ko kwata. Turanci ba ya taɓa wutsiyar, sai dai ya ƙara kalma. Wanda ke kan abu, kamar babur ko tsani ko rufin ɗaki, “fell off”. Wanda ke cikin abu, kamar rassan mangwaro ko taga ko bayan a-kori-kura, “fell out of”. Rijiya, “fell into”. Matakalar bene, “fell down the stairs”. Katangar ƙasa da ta jiƙa ta rufta, irin waɗanda ake fama da su a cikin ganuwa a wannan wata, ita ma “collapsed” ce: “The wall collapsed on him.”

Tambaya: Malam, a cikin bas daga Samaru na ce wa yaron mota “I will drop at Kwangila”, sai wani dattijo ya ce Turancina ba daidai ba ne. Alhali kowa haka yake cewa. Daga Hanwa.

Amsa: Ɗana, dattijon yana da gaskiya, kai ma ba ka yi abin kunya ba. Direba shi ke sauke ka, kai ke sauka. “Drop me at Kwangila” daidai ne a ko'ina cikin duniya, domin direba kake umarta. Naka aikin shi ne “I will get off at Kwangila” in bas ce ko jirgin ƙasa, “get out” in ƙaramar mota ce. “I will drop” Turancin Nijeriya ne, daga Legas har Maiduguri za a fahimce ka, kamar yadda ake fahimtar “take a drop” a matsayin shatar mota. Ni ban raina Turancinmu ba. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, ciki har da “okada” da “Kannywood”. Amma mai duba takardar jarrabawa da mai yi maka intabiyu ba a bas suke zaune ba, saboda haka ka riƙe duka biyun, ka san inda za ka fito da kowanne. Haka “you fall my hand” da kuke yi wa juna, wannan Buroka ce. Takwararta ita ce “You let me down”, ka ba ni kunya, ka watsa mini ƙasa a ido.

Tambaya: Malam, ina cika fom ɗin neman digiri na biyu a Amurka, sai na ga an ce in zaɓi “Fall” ko “Spring”. Wace faɗuwa ce kuma wannan? Daga Kongo, Zariya.

Amsa: Kaka ce, ɗana. Lokacin da ganyen bishiyoyi ke zubewa a ƙasashen sanyi, daga Satumba zuwa Nuwamba. Tun ƙarni na 16 ake cewa “fall of the leaf” a Ingila, daga baya Ingilawa suka zauna a kan “autumn”, Amurkawa suka riƙe “fall”. Zangon “Fall” kan fara a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, shi ne farkon shekarar karatunsu, na “Spring” kuma a Janairu. Da yawa daga jami'o'insu kan rufe karɓar takardun “Fall” tun Disamba ko Janairu, don haka kada ka jira damina.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni malamin firamare ne. Yara na rubuta mini “I fell the exam” da “the sun has fallen”, kuma na san daga Hausa suke ɗaukowa. Shin duk inda muke cewa faɗuwa, ba za a sa “fall” ba ke nan? Daga Gyallesu.

Amsa: Abokin aiki, wani wurin ana dacewa, wani wurin ana saɓawa, kuma babu wata dabara sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Faɗuwa jarrabawa “fail” ce. Faɗuwa zaɓe “lose” ce, “He lost the election.” Ɗan kasuwar da ya sayi masara da tsada ya sayar da araha, muka ce ya faɗi, “He made a loss.” Faɗuwar gaba ba kasafai ake taɓa ta da “fall” ba, sai a ce “My heart sank” in mummunan labari ne, ko “My heart skipped a beat” in razana ce. Amma darajar Naira da farashin kaya sukan yi “fall” kamar yadda suke faɗuwa a Hausa, kuma Sallah in ta faɗo ranar Juma'a, “Sallah falls on a Friday.” Nan faɗuwa ta zo daidai da zama.

Wanda na fi so in nuna wa yara shi ne na magariba. Mu rana ce ke faɗuwa mana, dare kuma ya yi. Su rana “sets” take yi, dare ne ke faɗowa: “Night fell.” Lokaci ɗaya ne, sararin sama ɗaya, amma kowane harshe da abin da ya zuba wa ido. Ka fita da su bakin aji ka nuna musu yamma, su faɗa da Hausa, su faɗa da Turanci.

A darasin tarihi kuma za su haɗu da “the fall of Kano”, wato cin Kano da Turawa suka yi a Fabrairun 1903, kafin Sakkwato a watan Maris. Mu cewa muke an ci gari, su cewa suke gari ya faɗi. Katangar Balin da ke Jamus ma “fell” aka ce ta yi a Nuwamban 1989, ko da yake mutane ne suka rushe ta da hannunsu.

Akwai kuma wani rukuni da ya kamata ka ware masa rana guda: “fall asleep”, “fall ill”, “fall in love”, “fall silent”. Babu wanda ya kai ƙasa a nan. Shiga wani hali ne da mutum bai zaɓa ba. Hausa sai ta mai da halin mai kamu: barci ya kwashe shi, ciwo ya kama ta, ya kamu da son ta. Turanci kuwa sai ya mai da halin rami, mutum ya faɗa ciki. In yaro ya gane haka, zai daina rubuta “sleep carried me”. Sauran su, irin “fall out” na aminan da suka ɓata, da “fall behind” na wanda aka bari a baya a karatu, da “fall through” na cinikin da ya wargaje, da “fall for” na wanda ɗan damfara ya yi wa romon baka ya yarda, ka bar su sai sun shiga sakandare.

Tambaya: Malam, shekara shida ina tuƙa motar wani kamfani. Na nemi izinin kwana uku in kai mahaifiyata asibiti. Washegari manaja ya turo mini saƙo a waya: “We are sorry, we have to let you go.” Na ɗauka izinin ne ya ba ni, har na tura masa godiya. Da na dawo mai gadi ya hana ni shiga. Ɗana da ke jami'a ya ce, “Baba, just let it go.” Malam, mene ne wannan “let go” ɗin da ake ta jifa na da shi? Daga Sabon Gari.

Amsa: Malam, Allah ya ba mahaifiya lafiya, kai kuma ya musanya maka da mafi alheri. Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma ita ce ta sa na zaɓi wannan batu. Ba ka yi wauta ba. Kalma da kalma, “let you go” na nufin a bar ka ka tafi, kuma kai izinin tafiya ka nema, kowa a matsayinka haka zai fahimta. Amma a bakin masu ɗaukar ma'aikata, wannan jimla sallama ce daga aiki. Sun zaɓe ta ne don ta fi “sack” da “dismiss” laushi, kamar yadda mu ma muke cewa an sallami mutum maimakon an kore shi. A ganina bai dace a aika wa mutumin da ya yi shekara shida yana bauta wa wuri irin wannan lulluɓaɓɓiyar magana ta waya ba, ballantana an san ba Turanci ne harshensa ba. Maganar da ta shafi abincin iyali a fili ake yin ta, fuska da fuska.

Asalin kalmar a hannu yake. Yaro na jan ruwa a rijiya, ka ce kada ya saki igiyar guga: “Don't let go of the rope.” Wani ya riƙe maka riga: “Let go of my shirt.” Ka lura da “of” ɗin nan, ba a yar da shi in an ambaci abin da aka riƙe. Bambancinsa da “drop” shi ne, “drop” yana kallon abin da ya tafi ƙasa, “let go” kuwa yana kallon hannun da ya buɗe. Shi ya sa za ka iya “let go” na akuya ta ruga, ko na hannun yaro a ƙofar makaranta, ba tare da wani abu ya faɗi ba. Karin maganarmu ta sakin reshe a kama ganye, wannan sakin shi ne “let go”.

Daga hannu sai kalmar ta koma zuciya, kuma nan ne maganar ɗanka ta shigo. “Let it go” na nufin ka cire abin a ranka, ka daina juya shi da dare, ka dangana. Yaron tausayinka ya ji, ka sa masa albarka. Sai dai akwai wata kalma da ke zaune kusa da ita, “give up”, wato ka sallama, ka haƙura da nema. Ɗanka bai ce maka “give up” ba, ni ma ba zan ce ba. Ɓacin ran za ka iya saki. Haƙƙinka kuwa yana nan.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya tsara wa'adin sanarwa kafin a raba ma'aikaci da aikinsa: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya haura wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sannan wata 1 ga wanda ya kai shekara 5 ko fiye. Sanarwar da ta kai mako ɗaya dole a rubuce take, kuma ana iya biyan kuɗi a madadin wa'adin. Inda wannan ba ya aiki shi ne in an kama ma'aikaci da babban laifi, kai kuwa saƙon da aka turo maka bai ambaci laifi ba. Ka nemo takardar da aka ɗauke ka aiki da ita, in akwai, ka ga abin da ta ce. Kada ka goge saƙon nan daga wayarka, har da godiyar da ka tura, domin ita ce shaidar cewa ba guduwa ka yi daga aiki ba.

Sannan ka sa ɗanka ya rubuta maka gajeriyar wasiƙa zuwa ga manaja, da ladabi, ba zagi ba gori. Bayan gaisuwa, jimla biyu sun isa: “I request a formal letter of termination. I also request my outstanding salary and one month's pay in lieu of notice.” Ma'anarta, kana neman takardar sallama a hukumance, da ragowar albashinka, da kuɗin wata ɗaya a madadin sanarwar da ba a ba ka ba. Ku yi kwafi biyu, ku sa kwanan wata, wanda ya karɓa ya sa hannu a kan naka. In mako biyu ya wuce shiru, ka ɗauki kwafin da wayar ka je ofishin ƙwadago ko wurin lauya. Ka rubuto mini abin da suka ce, in da wata kalma a cikin amsarsu da ta shige maka duhu, sai mu warware ta tare.